MU DASA MAGARYA MAI AURE A GIDAJENMU

Ƴan uwa manoma, maza da mata, darasinmu na wannan fitowa a kan magarya yake. Duk wanda ya tashi a ƙasar Mayahi ko ta Tasawa ya san wannan icce tun yana yaro. Mun tsinci ƴaƴanta a jeji, mun ci akurin da ake yi da garinta. Awakinmu suna cin ganyenta, kuma da ƙayarta muke shinge. Sai dai ƴaƴanta ƙanana ne, ƙwallo ya fi nama yawa. To, akwai wata magarya wadda ƴaƴanta suka kai girman ƙwan zabo, har wasu su fi. Ita ce magarya mai aure, wadda malaman gona ke kira tuffar Sahel.

ME YA SA MUKA ZAƁI MAGARYA?

A yau mutane suna ganin hotunan ƴaƴan itatuwan ƙasashen waje a wayar salula, sai sha'awa ta kama su. Akwai wani ɗan icce mai jar fata da ake kira pitaya. Asalinsa daga Meksiko da tsakiyar nahiyar Amurka yake, kuma ana nomansa da yawa a Biyetnam. Yana da kyau ga ido. Amma ba ya tsayuwa sai an kafa masa ginshiƙi, kuma rana mai tsanani tana ƙona rassansa. Mu kuwa mun san zafin watan Afrilu da na Mayu a ƙasarmu.

Ruwan damina a wajenmu sau da yawa ba ya kai milimita 500 a shekara. Ƙasarmu jigawa ce, rijiyoyinmu kuma suna da zurfi. Saboda haka iccen da ya dace da mu shi ne wanda ya saba da ƙishirwa. Magarya tana tura saiwarta can ƙasa ta nemo laima. Daga Gulbin Kaba har tudun Kanambakashe da Urafan, ba inda ba ta tsira da kanta.

DAGA INA TA FITO?

Manoman ƙasar Indiya sun daɗe suna zaɓen magarya mai manyan ƴaƴa, suna aura ta a kan ta jeji. Daga can aka kawo waɗannan ire-ire Afirka ta Yamma. A Nijar, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yi aiki sosai wajen yaɗa su. Wani masani ɗan ƙasar Isra'ila mai suna Dov Pasternak ya jagoranci wannan aiki daga shekarar 2001. Ta Indiya da tamu dangi ɗaya ne, shi ya sa aure yake kamawa tsakaninsu.

Mu mutanen jihar Maraɗi muna da wata sa'a. Tun wajen 1983 aka fara koya wa manoma barin tohon itatuwa a gona lokacin sassabe, a rage rassa, a bar masu ƙarfi su girma. Wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana cikin waɗanda suka fara wannan aiki a Maraɗi. Dabarar ta bazu har ta kai kimanin hekta miliyan 5 a ƙasar Nijar. Cikin itatuwan da muka bari akwai magarya da yawa. Kowace ɗaya a cikinsu tana iya karɓar aure.

AMFANINTA GA LAFIYA

Ɗanyar magarya tana da sinadarin bitamin C mai yawa, har manyan ire-iren nan sun fi lemun zaƙi. Wannan sinadari yana ƙarfafa dasashi, yana taimaka wa miki ya warke da sauri. Yana kuma taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wanda shi ne ke gina jini. Mata masu ciki, masu shayarwa da ƙananan yara su suka fi fama da ƙarancin jini. In an ci dafaffen wake ko kwaɗon zogale, a bi shi da magarya huɗu ko biyar.

Mu lura da abu uku:

1. Bitamin C yana raguwa in an shanya ƴaƴan. Ɗanya ta fi busassa amfani ta wannan fanni.
2. A wanke ƴaƴan da ruwa mai tsabta kafin a ci.
3. A cire wa ƙaramin yaro ƙwallon kafin a ba shi, don kada ya shaƙe.

ZAƁEN IRI

Kafin mu dasa, mu tambayi kanmu: don cin gida muke so, ko don kasuwa? Kasuwar kusa ce, ko sai an ɗora a mota? Amsar ita za ta nuna mana irin da ya dace.

GOLA. Ƴaƴanta kewayayyu ne, in sun nuna sai su yi rawaya. Ita ce ke riga sauran nuna. Tana da ruwa da zaƙi, amma ba ta jimre ajiya. Ta dace da tsakar gida, inda za a tsinka a ci nan take.

SEB. Da harshen Indiya sunanta yana nufin tuffa, domin siffarta ta yi kama da ƙaramar tuffa. Ita ma tana nuna da wuri.

KAITALI. Ƴaƴanta dogaye ne masu tsini a ƙasa. Tana nuna a tsakiyar lokaci. Namanta da taushi, don haka ba ta son a danne ta cikin buhu.

UMRAN. Ƴaƴanta manya ne masu siffar ƙwai, fatarsu da ƙarfi. Ita ce ke nuna daga baya. Ta fi sauran jimre ajiya da tafiya. Wanda ke nufin kai kaya Maraɗi ko Damagaram, wannan ce tasa.

BEN GURIYON. An zaɓo ta a Isra'ila, ita ma ƴaƴanta manya ne.

Shawararmu ita ce kada a tsaya kan iri ɗaya. Mai wurin icce biyu ya dasa Gola da Umran. In ta farko ta ƙare, ta biyu tana farawa, gida ya daɗe yana ci. Bayan haka, ƙudan zuma da sauran ƙwari suna ɗaukar garin fure daga wannan iri zuwa wancan, ƴaƴa su fi kamawa.

Ga wani gargaɗi mai muhimmanci. Wanda ya ci babbar magarya ya shuka ƙwallonta, ba lalle ya sami irinta ba. Sau da yawa abin da zai fito ƙananan ƴaƴa zai yi. Aure kaɗai ke riƙe iri yadda yake. In za mu sayi dashe, mu duba tabon aure a jikinsa, mu tambayi sunan irin. Ma'aikatan gandun daji na Mayahi da na Tasawa, da cibiyar INRAN da ke Tarna kusa da Maraɗi, su ne wuraren neman shawara.

YADDA AKE AUREN MAGARYA

A wannan darasi, gindin magaryar gida za mu kira shi uwa. Reshen da aka yanko daga mai manyan ƴaƴa kuwa, amarya.

Hanyar samun uwa biyu ce. Ta farko, a fasa ƙwallon magarya a hankali, a fitar da ƙwayar ciki, a shuka ta a ledar reno. In kararta ya kai kaurin fensir, ta isa aure. Ta biyu, a zaɓi magarya mai lafiya a gona, a sare ta daidai gwiwa da bazara. Za ta yi toho da yawa. A bar biyu ko uku masu ƙarfi, a aura su in sun kai kaurin fensir. Wannan hanya ta fi sauri, domin saiwa ta riga ta kafu, ba ta bukatar ban ruwa.

Kayan aiki: wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza, da tsagin leda mai faɗin yatsa, da ƙaramar farar leda. Lokacin da ya fi kyau shi ne sa'ad da icce yake toho, daga gab da faɗuwar ruwa zuwa cikin damina. A yi aikin da sassafe ko da la'asar.

1. A yanko amarya mai tsawon santimita 10 zuwa 15, mai ido uku ko huɗu. Kaurinta ya zo daidai da na uwa.
2. A cire mata ganye. In wurin da nisa, a naɗe ta cikin jiƙaƙƙen tsumma. Kada ta kwana biyu ba a aura ta ba.
3. A yanke kan uwa a kwance, a tsaga tsakiyarta kamar santimita 3.
4. A fere gindin amarya gefe biyu, ya yi kamar bakin gatari. Kada yatsa ya taɓa wurin da aka fere.
5. A cusa amarya cikin tsagar. Ɓawon amarya ya haɗu da ɓawon uwa, ko da ta gefe ɗaya ne. A ƙarƙashin ɓawo ne suke haɗewa. In ɓawo bai haɗu ba, aure ba ya kamawa.
6. A ɗaure da tsagin leda tamau, daga ƙasa zuwa sama.
7. A kifa farar leda a kai don kada amarya ta bushe.

Bayan mako biyu zuwa uku idon amarya zai fashe. Sai a cire ledar sama. Ɗaurin kuwa a bar shi kamar wata biyu, sannan a kwance don kada ya shaƙe reshen. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin aure na uwa ne, a cire shi da zarar an gan shi. In an bar shi, zai shanye abincin amarya har ta mutu, icce ya koma magaryar jeji.

Wanda auren farko bai kama masa ba, ya sake. Hannu da aiki yake gwanancewa.

DASHE A GIDA

A zaɓi wurin da rana ke samu sosai, nesa da bango da kuma hanyar yara, saboda ƙaya. A haƙa rami mai faɗin santimita 50 da zurfin santimita 50. A gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a mayar cikin ramin. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. In itatuwan sun fi ɗaya, a bar mita 5 zuwa 6 tsakaninsu.

A dasa bayan ruwa ya zauna, wajen watan Yuli. A yanke ledar reno a hankali, kada ƙasar ta warwatse. Wurin aure ya kasance sama da ƙasa, kada a binne shi. A yi masa gurbi kewaye don ya tare ruwa. A gona, ramin rabin wata ya fi kyau.

Babban abokin gabar dashe shi ne akuya. A kewaye shi da ƙaya ko darni tun ranar da aka dasa. A ranin farko a ba shi bokiti ɗaya sau biyu a mako. Inda ruwa ke da wuya, a binne ƙaramin tulu mai ƴar huda kusa da gindin, a riƙa cika shi, a rufe bakinsa. Ruwan alwala da na wankin hatsi ma kada a zubar da su a banza. In an kula da ita, magarya mai aure takan fara ƴaƴa tun shekarar farko ko ta biyu.

ASKI

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A shekarar farko a bar kara ɗaya ya miƙe, sannan a bar masa manyan rassa uku ko huɗu. Magarya a kan sabon reshe take fure. Don haka kowace shekara, bayan an gama tsinka, wajen watan Mayu, a yi mata aski, a rage tsofaffin rassa. Tana fure wajen ƙarshen damina, ƴaƴa su nuna cikin watannin ɗari. Rassan da aka sare ba su da asara: ganye na awaki, ƙaya ta shinge, itace na murhu.

TSUTSA A CIKIN ƳAƳA

Wannan ita ce babbar matsalar magarya mai aure. Wani ƙaramin ƙuda ne yake huda ɗanyen ɗa ya sa ƙwai a ciki. Ƙwan ya zama tsutsa, ta ci naman, ɗan ya faɗo. Tsutsar ta shiga ƙasa, daga baya ta fito ta zama sabon ƙuda. In mun gane wannan zagaye, za mu iya katse shi:

1. Kullum a tsince ƴaƴan da suka faɗo. A binne su a rami mai zurfi, ko a ɗaure su cikin baƙar leda a ajiye a rana kwana uku.
2. A kafce gindin iccen sama-sama, rana da kaji su gama da abin da ke ɓoye.
3. A tsinka da zarar kore ya fara juyawa rawaya. Kada a bari su yi ja a kan icce.
4. Maƙwabta su yi aikin tare, domin ƙuda bai san iyakar gida ba.

Kada a fesa wa magarya maganin ƙwarin wake ko wanda ake sayarwa a kasuwa ba takarda. Da fatarta ake cin ta, kuma yara ba sa jiran izini kafin su tsinka. Wanda ƙwari suka fi ƙarfinsa ya nemi malamin gona.

GIRBI DA SAYARWA

A tsinka da hannu da sanyin safiya, kada a kaɗa da sanda. A zuba a kwando ko ƙwarya, a ajiye a inuwa. Ɗanyar magarya kwanaki kaɗan take yi, don haka a tsinki abin da za a iya ci ko sayarwa. Abin da ya rage a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta. Amma kafin a kai kasuwa, a fara ba yaran gida rabonsu.

TAMBAYOYIN TATTAUNAWA A AJI

1. Me ya sa ba a samun babbar magarya ta hanyar shuka ƙwallo?
2. Wane iri ya dace da cin gida, wane ne ya dace da kasuwar nesa?
3. Me za a yi da tohon da ya fito ƙasa da wurin aure?
4. Ta yaya tsince ƴaƴan da suka faɗo yake rage tsutsa?

Aikin gida: kowane ɗalibi ya ƙirga magaryar da ke gonarsa, ya rubuta adadin a littafinsa. Ya sa alama ga biyu masu lafiya da zai sare da bazara mai zuwa. Ajin kuma ya zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su je wurin ma'aikatan gandun daji su koyo aure da hannunsu, su dawo su koya wa sauran.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ci amfanin abin da muka dasa.