Filin Shawara na Gwaggo: Ciniki a Waya, Mutunci a Gari

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan mako, daga gundumomin Mayahi da Tasawa a jihar Maraɗi, kuma duka a kan ciniki ta waya suke. Kamar kullum, mun sakaya sunayen masu su.

Wasiƙa ta farko: Ana yabo, ba a saye

Gwaggo, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ce shugabar wata ƙungiyar mata a wani ƙauye kusa da Mayahi. Mu 25 ne, muna zubin asusu duk mako, muna saƙar tabarmi da faifai, wasunmu kuma suna yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Da kuɗin asusu muka sayi babbar waya, ɗana ɗan lakkol ya buɗe mana WhatsApp da Facebook. Mun daɗe muna sa hotuna, ana ta cewa "Masha Allah", amma babu mai saye, kuɗin forfe na intanet kawai ke tafiya. Yaron ya ce mu ɗauko hotunan tabarmin wasu a intanet don sun fi kyau, kuma wai sai na nuna fuskata kafin a yarda da mu. Maigidana bai amince da haka ba. Yanzu mata sun fara gunaguni cewa na ɓarnatar musu da kuɗi. Yaya zan yi?

*Wata uwa daga Mayahi*

Ɗiyata, kwantar da hankalinki, ba ɓarna kika yi ba. Irin asusun da kuke zubi, na Mata Masu Dubara, a jiharku ta Maraɗi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, daga nan wasu ƙasashen Afirka suka kwaikwaya. Matan da suka iya riƙe akwatin kuɗi shekara da shekaru ba za su kasa riƙe waya ba. Kuma kayanku na gaske ne, kabar Gulbin Kaba ba ta buƙatar a aro mata kyau.

Matsalar tana wajen masu kallon tallar. Abin da kika ɗora a sitatus na WhatsApp, wanda ya ajiye lambarki kika ajiye tasa ne kaɗai yake gani, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Duba lambobin da ke cikin wayar. Ƴan uwa ne da maƙwabta, mutanen da ko dai su ma sun iya saƙa, ko kuma za su aiko yaro gida in suna so. Mai sayenku yana Maraɗi, Damagaram, Agadas da Yamai, yana Katsina da Daura, yana cikin ƴan garinku da ke ci-rani waɗanda suke son aika wa iyalinsu kaya. Saboda haka aikinku na farko a kasuwa yake. Duk ranar kasuwa, duk ɗan sari da ya tsaya gaban kayanku, ko da bai saya ba, ku nemi lambarsa, ku tambaye shi ko ya yarda ku riƙa turo masa sabon kaya. Lamba 30 ta ƴan sari ta fi "Masha Allah" dubu.

Na biyu, hoto ba tare da farashi ba ado ne kawai. Kowane hoto ya zo da bayani: tabarmar taku nawa ce, nawa ake sayar da guda, nawa ne sari, guda nawa ke ƙasa a yanzu, kwana nawa za a yi kafin a kai Maraɗi. Da yake da yawa cikin masu sayenku ba sa karatun boko, ki haɗa da saƙon murya gajere da bai kai minti ɗaya ba. Ku ɗauki hoto da hantsi a share wuri, ɗaya daga nesa, ɗaya dab da saƙar don a ga ƙarfinta. Ki ce wa yaron ya sauke muku WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018 don ƙananan ƴan kasuwa. Kyauta ne, yana ba ku damar sa sunan ƙungiya da jera kaya kowanne da kuɗinsa.

Maganar hoton aro kuwa, a'a. Wanda ya ga tabarmar wani ya biya, sannan ya kwance ƙulli ya ga wata daban, ya tafi ke nan, kuma da wayar da ya saya da ita zai ba da labarinku. Ki gaya wa yaron cikin lallashi, niyyarsa mai kyau ce, hanyar ce ba ta ɓullewa.

Fuskarki ma ba dole ba ce. Mai saye kaya yake son gani. A ɗauki hannuwa suna saƙa, ko mai yana tsatsowa daga tunkuza, muryarki tana bayani. Ki nuna wa maigidanki abin da kuke ɗorawa, ki bar shi ya saurari saƙonnin da ke shigowa. Zargi yakan shigo ne inda aka yi ɓoyo.

Idan ciniki ya faɗa, ku kiyaye abu biyu. Kada kaya ya bar hannunku don an turo hoton rasit, domin ana ƙirƙirar na ƙarya. Sai kun je ofishin aika kuɗi na Nita, Amana ko Al Izza kun tabbatar kuɗi sun shigo. Sannan in kun ba direba kaya a tasha, ku ɗauki hoton ƙullin, ku tura wa mai saye tare da lambar direban.

Gunagunin mata kuma hakkinsu ne, kuɗinsu ne. Ki buɗe littafi: forfe nawa aka sa, oda nawa ta shigo, riba nawa. A karanta shi ranar zubi a gaban kowa. Ku yanke iyakar abin da za a kashe a wata, ku ba kanku wata uku na gwaji. Kamar yadda makullan akwatin asusu ba sa zama a hannun mace ɗaya, lambar sirrin wayar ma mata biyu ko uku su san ta.

Wasiƙa ta biyu: An ɓata mini suna a zauren ƴan kasuwa

Gwaggo, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Tasawa, ina sayen riɗi da aya da wake a ƙauyuka ina aikawa Maraɗi, wani lokaci har kasuwar Dawanau ta Kano. Yawancin cinikina a wani zauren WhatsApp na ƴan hatsi nake samu. Wani da na aika wa buhu 20 na riɗi ya yi saƙon murya a zauren, ya ce ni macuci ne, na cika masa buhu da yashi. Gaskiyar magana, buhu biyu na saye su a ɗinke ban buɗe ba. Amma bai kira ni ba sai ya tona ni a gaban jama'a. Tun ranar oda ta tsaya. Abokaina sun ce in mayar masa da martani in fallasa bashin da ake binsa, ko mu sa wasu lambobi su riƙa yabona a zauren. Raina a ɓace yake.

*Wani ɗan kasuwa daga Tasawa*

Ɗana, na ji zafin da kake ji. Mutumin bai kyauta ba da ya tsallake kiranka ya tafi bainar jama'a. Amma kai da bakinka ka ce buhu biyu ba ka duba ba. Daga nan gyara zai fara.

Kada ka bi shawarar abokanka. Ƴan zauren ba alƙalai ba ne, masu kuɗi ne da ke tambayar kansu abu ɗaya: in kaya ya ɓaci tsakanina da wannan mutum, yaya zai yi da ni? Duk abin da ka faɗa yanzu amsar wannan tambaya ce. In ka yi zagi ka tona asiri, sun gane cewa su ma haka za ka yi musu. Ga kuma hukuma. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma a watan Yunin 2024 aka yi mata gyara aka dawo da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta hanyoyin sadarwa. Saƙon murya ba ya gogewa daga wayoyin mutane don ka huce. Yabon haya kuwa, a harkar da kowa ya san muryar kowa, kwana biyu zai yi a gano, sai ƙaramar magana ta zama babba.

Ka kira mutumin kai da shi. In bai ɗauka ba, ka nemi sarkin kasuwa ko wani dattijo da ku duka kuke jin nauyinsa ya shiga tsakani. A buɗe buhunan a gaban shaida, a auna abin da ya ɓaci, ka biya ko ka musanya, har da kuɗin mota. Bayan an sasanta, ka yi saƙo ɗaya tak a cikin zauren da aka yi maganar, da murya a kwance. Ka ce buhu biyu sun zo da matsala, laifinka ne da ba ka buɗe ba, ka biya, kuma ga abin da ka sauya. In dattijon zai iya sa mutumin ya faɗa da bakinsa cewa an biya shi, wannan ya fi duk abin da za ka faɗa.

Sauyin kuma ya zama na gaske. Kowane buhu a zazzage shi, a rairaye, a sake aunawa. Ka ɗauki ɗan bidiyo lokacin awo da ɗinki ka tura wa mai kaya kafin mota ta tashi. Ka rubuta sunanka da lambarka a jikin buhu, don mai rubuta sunansa a kan kaya ya nuna ba gudu zai yi ba. Oda ba za ta dawo a mako ɗaya ba. Amma ƴan kasuwa suna riƙe labarin wanda ya biya asara ba tare da an kai shi ƙara ba, kuma irinsa suke nema in za su tura kuɗi gaba kafin su ga kaya.

Ga sauran masu karatu: in ƙazafi ne zalla aka yi muku, ku adana saƙon, ku kai wa shugaban zauren, in bai warware ba ku kai wa hukuma. Ramuwa da zagi tana mai da mai gaskiya abin tuhuma.

Wasiƙa ta uku: In biya ɗan TikTok?

Gwaggo, mahaifina mai kilishi ne a bakin babbar hanya a Tasawa, ni nake taya shi. Wani matashi mai mabiya da yawa a TikTok ya ce in ba shi jika 75 ya tallata mu. Baba ya ce shi bai san wannan ba. Ni kuwa ina ganin zamani ya wuce shi.

*Wani matashi daga Tasawa*

Ɗana, sassauta harshe a kan Baba. Sunan da kilishin Tasawa ya yi har Yamai, irinsu ne suka yi shi tun babu waya. Kai abin da za ka ƙara shi ne isar da sunan inda ƙafa ba ta kai ba.

Yawan mabiya ba shi ne yawan masu saye ba. Wasu ma sayen mabiyan suke yi. Ka tambayi matashin: mutanensa a ina suke, wa ya taɓa yi wa talla, za ka iya kiran mutumin ka ji ko ya ga amfani? Ka zauna ka kalli bidiyoyinsa tare da Baba. In akwai abin da za ka ji kunyar ya gani, kada ka haɗa sunan gidanku da shi. In kun gamsu, ku fara da kaɗan, rabin kuɗi kafin aiki, rabi bayansa, kuma duk wanda ya kira ka tambaye shi inda ya ji labarinku. Haka za ka san ko kuɗin sun haifar da ciniki.

Kafin nan ma, akwai talla a ƙofarku da ba ta cin jika 75. Motocin da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram kullum suna sauke muku mutanen da suka ɗanɗana da bakinsu. Ka buga lambarka a takardar da kuke naɗe kilishi, ka ce ana aikawa ta mota. Ka ɗauki bidiyon aikin tun daga yankan nama, shanya, tsomawa a labu har gashi, wurin a tsabtace, domin mai sayen abinci daga nesa tsabta yake fara dubawa. Kada ka ɗauki fuskar mai saye sai da izininsa. In oda biyar ta shigo ta wayarka, ka damƙa wa Baba kuɗin a hannu. Gani ya kori ji.

Gargaɗi ɗaya gare ku duka uku: duk wanda ya kira ya ce ku karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarku, ɓarawo ne, so yake ya ƙwace WhatsApp ɗinku ya roƙi kuɗi da sunanku. Ko da muryar sani ya zo, kada ku ba shi. Ku sa wanda ya iya ya kunna muku tabbatarwa mai mataki biyu tun yau.

Allah ya sa albarka a nemanku, ya tsare mana mutuncinmu. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

*Taku, Gwaggo*