Fasahar Tace Ruwan Kwata Da Ba Ta Buƙatar Lantarki

Ka taɓa tunanin inda ruwan kwatar Ƙauran Namoda yake ƙarewa? Da damina yakan gangara Gulbin Gagare, ya bi ya shiga Rima, inda wasu ke ɗiba su sha. Ta irin wannan hanya kwalara ke yaɗuwa.

Gari kamar Ƙaura ba sai ya kafa injina irin na Wupa a Abuja ba. Tafkuna uku a jere sun isa. A na farko mai zurfi, ƙazanta ke kwantawa ƙasa. A na biyu, gansakuka ke samar wa bakteriya iska su cinye sauran dattin. Na uku marar zurfi ne, rana ke kashe ƙwayoyin cuta. Aikin yakan ɗauki makonni, kuma yana cin fili sosai.