Darasi: Kayan Tsare Jiki Don Aiki da Injin Yankan Itace

'Yan'uwa manoma, da an gama kaka sai a ji kukan injin yankan itace a Ruwan Bago da sauran ƙauyukan Karaye da Rogo. Ana sare darbejiya da turare don azara da katako. Injin yana sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma sarƙarsa tana gudun kamar mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Kafin mutum ya ɗauke ƙafa ta riga ta kai ƙashi. Tun da kuɗinmu kaɗan ne, sai mu san inda araha ta isa, da inda ba ta isa ba.

Inda araha ta isa

1. Abin toshe kunne. Ƙarar injin takan kai desibel 110, alhali kuwa daga 85 kunne yake fara lalacewa idan an daɗe ana ji. Na soso ba shi da tsada. Auduga ba ta tare ƙarar.

2. Tabarau farare na roba mai ƙarfi, masu rufe gefen ido. Na masu walda baƙaƙe ne, suna hana gani.

3. Hular kwano irin ta magina. A matsa gefenta da hannu, a duba. In ta tsage, ko rana ta ƙone ta har ta koɗe, kada a saya.

4. Safar hannu ta fata, daidai hannun mai aiki.

5. Takalmi mai hancin ƙarfe. Na gwanjo ma ya yi, in dai ƙasansa bai suɗe ba. Silifa ba takalmin wannan aiki ba ne.

Masu sayar da kayan gini a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano su ne wurin fara tambaya.

Inda araha ba ta isa ba

Ƙafa tana cikin wuraren da injin ya fi sara. Wandon kaki ko na jins, kome kaurinsa, ba ya tare sarƙa. Akwai marufin ƙafa da aka yi musamman domin wannan aiki. A cikinsa an jera dogayen zarurruka rufi bisa rufi. Da sarƙa ta taɓa shi sai ta jawo zarurrukan, su cushe haƙoran da ke juya ta, ta tsaya nan take. Ku nemi hoton injin a jikin lambarsa, da rubutun EN 381 ko ISO 11393. Mai aji 1 an gwada shi da sarƙa mai gudun mita 20. In ba lamba, ku bar shi. Wanda sarƙa ta taɓa yanka kuwa ya gama aikinsa, kada a kai wa tela ya ɗinke.

Wannan shi ne mai tsada, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku zaɓi irin wanda ake ɗaurawa a kan wando da maɗauri, gama kusan kowa yana iya sa shi. Ƙungiya ta sayi guda biyu, ta ajiye tare da injin, a riƙa cire ɗan wani abu daga kuɗin haya don sabuntawa. Ma'aji kada ya ba da injin sai da kayan.

Abin da ba ya cin ko kwabo

A tuɓe babbar riga da rawani. A gwada birkin sarƙa kowace safiya. Kada a yi yanka da saman bakin injin, gama daga nan yakan yi tsalle zuwa fuska. Kada mutum ya tafi shi kaɗai. A nemi izinin malamin daji, a kuma dasa madadin abin da aka sare.

Cikin Shari'ar Musa an umarci mai gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani don kada wani ya faɗo (Maimaitawar Shari'a 22:8). Haka ma wanda ya aiki ɗan'uwansa da inji, hakkin tsare shi yana wuyansa.

Tambayoyi don taron ƙungiya

1. Cikin kayan nan, wanne muke da shi yanzu?
2. Nawa za mu riƙa cirewa daga kuɗin haya?
3. Wa zai riƙa duba kayan in an komo da su?