Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibiya

Karatu: Zabura 32:1-7, Afisawa 4:25

Darasinmu na yau ya shafi wani zance da ba a cika yinsa a majami'a ba saboda kunya, wato cututtukan da ake ɗauka ta wurin jima'i. Muna magana da kai, ko ke, da kuka sadu da wani ba tare da kwaroron roba ba, ko mijinki ne, ko matarka, ko wanda kuke shirin aure, yanzu kuma zuciya ba ta kwanta ba.

Wanda ya san unguwar Zango a Kwatano ya san wuri ne na masu zuwa da masu tafiya. Akwai 'yan kasuwa daga Nijeriya da Nijar, da direbobin da suka yi shekaru suna ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Parakou da Malanville. Magidanci yakan yi watanni bai ga iyalinsa ba. A irin wannan zama jaraba tana da yawa, abin da aka ɗauko a waje kuma gida ake kai shi. An fara ganin ciwon sida, wato ƙanjamau, a ƙasar Benin a shekara ta 1985, har yau kuwa bai ƙare ba.

“Ai na san ta”

Yawancin mutane sukan ce, “Ai na san ta, 'yar gidan mutunci ce,” ko kuwa, “Dubi jikinsa, lafiyarsa lau.” Amma ido ba ya ganin abin da ke cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace rana fiye da mutum miliyan 1 suna kamuwa da irin waɗannan cututtuka masu warkewa, yawancinsu kuwa ba su ga wata alama ba. Mai ba ka ciwon, watakila shi kansa bai san yana da shi ba. Saduwa ɗaya tak ta isa.

Ciwon sanyi yakan nuna kansa ga namiji cikin 'yan kwanaki, da zafin fitsari da fitar mugunya. Mace kuwa sau da yawa ba ta jin kome. Haka ma wani ciwon da likitoci ke kira kilamidiya. In an bar su, sukan hau su toshe hanyar ƙwai, mace ta rasa haihuwa, dangi kuma su yi ta ɗora mata laifi.

Tunjere yakan fara da ɗan gyambo marar zafi, kamar mako 3 bayan saduwa. Gyambon yakan warke da kansa, mutum ya ce ya rabu da shi, alhali ciwon ya shiga jini. Bayan shekaru yana iya taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa. Ga mai ciki yana iya jawo ɓari ko haihuwar jariri marar rai.

Ƙwayar sida tana iya zama a jiki shekaru da yawa mutum yana aikinsa da ƙarfinsa. Haka kuma ciwon hanta mai suna B, wanda ya yi yawa a Afirka ta Yamma, amma shi yana da allurar rigakafi.

Abin da ya kamata ka yi

Na ɗaya, kada ka jira alama. Idan kana tsoron an sa maka ƙwayar sida, akwai maganin da ke iya hana ta kama jiki, amma dole a fara shi kafin awa 72 su cika, a kuma sha har kwana 28. Tafi yau. Haka ma wadda aka yi wa fyaɗe: a kai ta asibiti nan da nan, ba ta da laifin kome. A Kwatano akwai babban asibitin CNHU Hubert Maga, da asibitin mata da yara na bakin tafki, da ƙananan asibitocin unguwa da za su nuna maka inda za ka.

Na biyu, ka yi gwaji, ka kuma sake. Gwajin jini na gaggawa ba ya nuna ƙwayar sida a kwanakin farko. Saboda haka in ya fito ba kome, ka koma bayan wata 3. Kafin nan ka ƙaurace wa jima'i, ko ka yi amfani da kwaroron roba.

Na uku, kada ka sayi kafso a bakin titi, ko ka sha ragowar maganin abokinka. Zafin fitsarin zai iya lafawa ƙwayar tana nan, irin wannan shan magani kuwa shi ke sa ciwon sanyi ya daina jin magani. Ciwon sanyi, kilamidiya da tunjere duk suna warkewa in likita ya ba da maganin da ya dace, aka kuma shanye shi. Sida ba ya warkewa, amma akwai maganin da ke danne shi, wanda gwamnatin Benin ta mai da kyauta tun shekara ta 2004. Mai shan sa kullum yana iya yin tsawon rai. In ƙwayar ta kwanta har gwaji bai gan ta ba, ba ya ba matarsa. Mai ciki kuma tana iya haihuwar ɗa lafiyayye.

Na huɗu, shi ne mafi wuya: ka faɗa wa abokin zamanka, ku je asibiti tare. In kai kaɗai aka yi wa magani, za ka sake ɗauka a wurinta, ita kuma ciwon yana ta cinta ba ta sani ba.

Me Maganar Allah ta koya mana?

A Zabura 32 Dawuda ya ba da labarin lokacin da ya rufe bakinsa a kan laifinsa. Shirun bai ba shi hutawa ba, sai ma ya tsotse masa ƙarfi. Ya sami sauƙi sa'ad da ya buɗe baki a gaban Allah. Idan ka yi zunubi, ka tuba, Allah mai gafara ne. Amma ka sani, gafara tana wanke laifi, ƙwayar cuta kuwa sai an yi mata magani. Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne.

Bulus ya gargaɗi Afisawa su bar ƙarya, domin masu bi gaɓoɓin juna ne. To, balle mata da miji. Mutumin da ya roƙi gafara a ɗaki, ya fito ya bar matarsa cikin duhu, tubansa bai cika ba tukuna. Gaskiya za ta iya kawo kuka da fushi a gida, ba mu ce da sauƙi ba. In kana jin nauyi, ka nemi fasto ko ma'aikacin lafiya mai riƙon asiri ya zauna tare da ku. Ke kuma, in kina tsoron duka ko kora, ki fara faɗa wa ma'aikaciyar asibiti, ta taimake ki neman hanya.

Mu kuma 'yan ikkilisiya, kada mu nuna kowa da yatsa. Mata da yawa sun kamu a kan gadon aurensu, ba su taɓa sanin wani namiji ba. Tsegumi shi ke sa mutane ɓoyewa har su mutu.

Tambayoyi domin tunani

1. Yaushe rabonka da gwajin jini?
2. Akwai wanda lafiyarsa ke cikin hatsari saboda shirunka?
3. Masu shirin aure a ikkilisiyarku suna gwaji kafin ranar ɗaurin aure?

Addu'a

Ya Uba, ka san abin da na ɓoye. Ka gafarta mini, ka ba ni ƙarfin zuciya in tafi gwaji, in kuma faɗi gaskiya ga wanda ya kamata ya ji. Ka tsare iyalina. Cikin sunan Yesu. Amin.