Yadda Ake Kafa Ƙararrawar Gobara a Kanti da Sito, da Yadda Ake Duba Ta

Cikin dare gobara ta tashi a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, ta cinye dubban shaguna, alhali birnin yana da 'yan kwana-kwana. Babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone a Janairun 2021, ta Katsina ta biyo baya a Maris. Idan haka ta faru a manyan birane, mai kanti ko siton hatsi a ƙasar Birnin Gwari bai kamata ya zauna jiran motar 'yan kwana-kwana ba, tunda tsakanin Birnin Gwari da Kaduna akwai fiye da kilomita 100, ta cikin daji. Abin da zai cece shi, mutum ya farka tun wuta tana ƙarama. Don haka kowane mataki a auna shi da tambaya guda: wannan na'ura za ta tayar da mai barci da ƙarfe biyun dare, bayan an ɗauke lantarki?

Ka fara da zagaya ginin, ka raba shi shiyya-shiyya: kanti, sito, ɗakin janareta. Ƙaramin fanel mai shiyya huɗu, wato akwatin da ke sarrafa ƙararrawar duka, ya ishi yawancin gine-ginen nan. Ka kafa shi kusa da ƙofar shiga, ka manna takardar da ke nuna wace shiyya ce ina.

Zaɓen kan na'ura da wurin ɗora shi ne inda aiki ke lalacewa. Kai iri biyu ne, mai jin hayaƙi da mai jin zafi. Mai jin hayaƙi ya fi saurin farga, shi ya sa masu sayarwa ke cewa a sa shi ko'ina, kuma wannan muguwar shawara ce. A cikinsa akwai ɗan haske da ke lura da duk abin da ya gifta, bai san bambancin hayaƙi da ƙurar masara ko ta hunturu ba. Ka sa shi a siton da ake sauke buhuna, zai yi ta kururuwar banza har mai gida ya gaji ya zare batir, ginin ya koma kamar ba a taɓa sa komai ba. Wurinsa ofis ne, da kantin atamfa ko magani, da baranda. Siton hatsi mai ƙura, ɗakin girki da ɗakin janareta, mai jin zafi ya dace da su. Nan ma da lura: ƙarƙashin rufin kwano mara sili, zafin watan Afrilu yana iya kusantar awon kan da ke tashi a digiri 58, sai a nemi mai awo sama da haka. Ƙa'idar Ingila ta BS 5839 ta ba mai jin hayaƙi mita 7.5 ta kowane gefe, mai jin zafi 5.3. A nisanta shi da bango aƙalla rabin mita, kada kuma a ɗora shi dab da fanka, don iska za ta kore hayaƙin. Ɗakin inbata da batiran sola, wanda ake yawan mantawa, shi ma a ba shi nasa. Na fi amincewa da kawunan kamfanin Apollo ko Hochiki a kan marasa suna da ake tallatawa da arha, ko da kuɗinsu ya ninka.

Jan akwatin da ake dannawa da hannu, a sa shi a bakin kowace ƙofar fita, kimanin mita 1.4 daga ƙasa.

Waya kuwa ta zama jar nan mai jure wuta, cikin bututu saboda ɓera, ba ragowar wayar ƙwan fitila ba. Ta bi daga kai zuwa kai a jere, ba a yi mata reshe. A kai na ƙarshe ake ɗaura ɗan rizistan da ya zo tare da fanel; da shi fanel ke gane cewa layi bai tsinke ba. Wasu masu gyara don gudun wahala sukan ɗaura shi a cikin fanel ɗin kansa. Fitilar fanel za ta nuna lafiya lau, ko da ɓera ya datse wayar tun bara. Kafin ka biya kuɗin aiki, ka sa a nuna maka inda yake.

Batir biyu masu volt 12 ke riƙe fanel, kuma ƙa'ida ta ce su ɗauki awa 24 babu lantarki, sannan su iya busa jiniya rabin awa. An rubuta wannan ne don ƙasar da ba a cika ɗauke wuta ba. A inda ake kwanaki babu ita, dole a ciyar da fanel daga sola ko inbata ta layinsa na kansa, ba soket ɗin da za a zare don cajin waya ba.

Wani zai ce ai yana da maigadi, me zai yi da jiniya? Maigadi yana waje, ƙofa a kulle da kwaɗo. Kafin ya ga hayaƙi ta saman rufi, cikin ya riga ya kama. Na'ura tana kiransa ne da wuri. Shi ya sa jiniya ɗaya ta kasance a waje inda shi da maƙwabta za su ji, ya kuma san wa ke riƙe da makulli da inda tukunyar kashe wuta take. Mai cewa tsada kuwa, ya kwatanta kuɗin da darajar buhunan da ke cikin siton bayan kaka.

Dubawa ba ta ƙarewa. Kowane mako a gwada jan akwati ɗaya da ɗan makullinsa, a riƙa sauya wanda ake gwadawa, a rubuta a littafi. Duk wata shida ƙwararre ya zo, ya fesa wa kawuna masu jin hayaƙi hayaƙin gwangwani na gwaji, ba ashana ko takarda mai ci ba, ya cire kai ɗaya ya ga ko fanel zai nuna matsala, ya kashe lantarki ya busa jiniya da batir kaɗai. Bayan hunturu a share ƙurar kawunan. Batir a rubuta masa ranar da aka sa shi, kada a bar shi ya wuce shekara huɗu, a zafinmu ma sau da yawa ba ya kaiwa. Kawuna kuma a sauya su idan sun kai shekara goma.