Darasi Na 14: Sauya Kwayil Na Mota a Gida

Yau za mu koyi wani aiki wanda mai mota zai iya yi a ƙofar gidansa, ba sai ya tafi gareji ba.

Mun sani fetur ba ya kamawa cikin inji sai tartsatsi ya taɓa shi. Fulogi ne ke ba da tartsatsin nan. Amma wutar batirin mota volt 12 ce kurum, ba ta isa ba. To, kwayil shi ne ke karɓar ƴar wutar nan, ya ninka ta har ta kai volt dubu 20 ko fiye, sa'an nan ya miƙa wa fulogi. Motocin dā kwayil ɗaya gare su, shi ke ciyar da dukan fulogai. Yawancin motocin yanzu kuwa kowane fulogi da nasa kwayil a bisa kansa. Watau inji mai silinda 4 yana da kwayil 4.

In kwayil ɗaya ya mutu, sai mu ji inji yana rawa, mota ba ta da ƙarfin hawan tudu, tana kuma shan mai fiye da kima. Kada mu yi ta tuƙi a haka. Fetur ɗin da bai ƙone ba yakan bi ta salansa, ya lalata tukunyar nan mai tace hayaƙi, ita kuwa kuɗinta ya fi na kwayil nesa.

Ga inda mutane da yawa ke asara. Da sun ji rawar inji, sai su sayi kwayil huɗu gaba ɗaya, alhali ɗaya ne ya mutu, ko ma laifin fulogi ne. Mu fara bincike tukuna. Mu ta da inji, mu zare soket ɗin wayar kwayil na farko, mu saurara, mu mayar. Haka za mu bi su ɗaya ɗaya. Wanda muka zare rawar ta ƙaru, lafiyarsa lau. Wanda muka zare ba abin da ya sāke, nan ciwon yake. Soket kaɗai za mu taɓa. Kada mu kuskura mu tumɓuke kwayil kansa inji na tafiya, gama wutarsa tana fizgar mutum ƙwarai.

Saura gwaji ɗaya. Mu kashe inji, mu yi musayar wanda muke zato da na kusa da shi. In ciwon ya bi shi zuwa sabon wurin, lalle kwayil ne. In ya tsaya inda yake, mu duba fulogi.

Sauyawar ba wuya. Mu bar inji ya huce, mu cire wayar batir mai alamar ragi. Mu zare soket, mu kwance noti, galibi da sifana mai lamba 10, mu murɗa kwayil kaɗan mu jawo shi sama. Mu leƙa ramin. In mun ga baƙin mai a ciki, robar murfin inji ce ke yoyo, sai an gyara ta, in ba haka ba sabon ma ba zai daɗe ba. Mu tura sabon har ya zauna daram bisa fulogi, mu ɗaure noti ba da ƙarfi ainun ba, mu mayar da soket da wayar batir.

In za mu kasuwa, mu tafi da tsohon a hannu, mu karanta lambar da ke jikinsa, mu gwada ta da ta sabon harafi harafi kafin mu biya kuɗi.