Wanda Ya Iya Wasa Ya Iya Zama da Mutane

'Ya'yana da jikokina, ku gyara zama in ba ku shawara a kan raha. Kuna iya ɗaukarta ƙaramar aba, amma a wajen dariya halin mutum ya fi saurin fitowa fili. Mutum yakan daure ya ɓoye rowarsa, yakan ɓoye fushinsa na ɗan lokaci, amma ba ya iya ɓoye abin da ke ba shi dariya.

Ku zauna a majalisar unguwarku bayan sallar isha'i ku lura. Akwai mai zolayar kowa, amma ranar da aka taɓa shi sai ya kumbura, ya kwashe takalmansa ya tafi. Akwai wanda idan mai kuɗi ya fara labari, tun kafin a kai wurin ban dariyar ya riga ya ƙyalƙyale, idan kuwa talaka ne ya kawo wanda ya fi shi daɗi, sai ya duƙufa a kan wayarsa. Akwai kuma wanda zuwansa kawai ke sa fuskoki su washe, domin kowa ya san zai sha dariya kuma zai koma gida da mutuncinsa. Irin wannan na ƙarshe nake so ku zama.

Kakanninmu ba su bar raha kara zube ba, sun yi mata tsari. Sun sa wasa tsakanin kaka da jika, har tsohuwa ta kira jaririn da aka haifa jiya mijinta, tana yi masa tsiyar bai kawo cefane ba. Sun sa shi tsakanin taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, waɗanda ke bin juna kuɗin shara a watan cika-ciki. Sun kai shi har tsakanin garuruwa da ƙabilu: Kanawa da Zazzagawa, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Barebari. A Jamhuriyar Nijar akwai irinsa tsakanin Buzaye da Zabarmawa, kuma a shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwancin ƙasar cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Ku dubi yadda abin yake a teburin mai shayi da sassafe. Bafulatani ya iso, ya jingine sandarsa, ya zauna a bakin benci. Wani Babarbare da bai taɓa ganinsa ba ya ɗaga murya: "Mai shayi, zuba wa bawana, ka cika masa madara, da gani tun jiya bai sa komai a ciki ba." Bafulatanin ko a jikinsa, sai ya gyara hularsa ya ce: "Madalla da yaron kirki, ka san hakkin ubangidanka. Mai shayi, ƙara da ƙwai biyu, shi zai biya." Teburi ya kaure da dariya. Kafin kofunan su huce, sun tambayi juna gari da iyali. Baƙi biyu sun zama 'yan'uwa a kan kuɗin shayi.

Abin lura shi ne, kowannensu ya ba da dariya, kuma ya yarda a yi da shi. Sannan wasan yana da nauyi a bayansa. Abokin wasanka shi ne na gaba a ranar jana'izar gidanku. Idan rigima ta ɓarke, shi ke shiga tsakani ya faɗa maka gaskiyar da wani ba zai iya ba, cikin zolaya, ka haɗiye ba tare da ta tsaya maka a wuya ba.

Raha kamar gishiri take a miya: kaɗan ya gyara, ya yi yawa a ture kwano. Saboda haka ku san iyakarta. Kada ku yi wasa da iyayen mutum, ko nakasarsa, ko talaucinsa, ko rashin haihuwar mace. Kada ku ƙirƙiri ƙarya don a yi dariya, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi raha da sahabbansa har da ƙananan yara, amma ba ya faɗar komai sai gaskiya. Suratul Hujurati kuma ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabobi. Ma'aunin mai sauƙi ne: ku dubi fuskar wanda ake zolaya. In yana dariya har zuci, wasa ne. In murmushin yaƙe yake yi yana kallon ƙasa, an shiga cin fuska, sai a ja birki a nemi afuwa.

Wannan ne ya sa nake jin tsoron wasan waya. A WhatsApp da Facebook ba a ganin fuska, kuma maganar da aka yi wa aboki ɗaya tana iya kaiwa ga dubban mutanen da ba su san tsakaninku ba. Kafin ka tura, tambayi kanka ko za ka iya faɗarta a gabansa, mahaifiyarsa na zaune.

Ban ce ku ɗaure fuska ba, 'ya'yana. Ɗaure fuska ba ya ƙara wa kowa daraja, kuma gidan da ba a dariya yara kan guje shi. Ku je ku tsokani kakanninku tun suna raye, ku nemi taubasanku ku biya su kuɗin shara, ku koyi jure zolaya kamar yadda kuke son a jure taku. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku zama mutanen da ake murna da zuwansu.